Wasiƙa Zuwa ga Malaman Tsabta da Masu Duba Nama na Ƙasar Alakos

Wannan takarda ta fito daga hannun wani dattijo ɗan'uwanku, zuwa ga 'ya'yana da ƙannena malaman tsabta da malaman dabbobi, waɗanda aka ɗora wa nauyin kasuwanni da mayanka da rijiyoyin ƙasar Alakos cikin gundumar Gure, da kuma samari da 'yan mata da ke karatu yanzu da niyyar shiga wannan aiki. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da zafin rana da nisan hanya.

Bayan haka, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na lura da yawa daga cikin masu fitowa daga makarantar kiwon lafiya ta Damagaram, ko makarantar Kollo inda ake koyar da ma'aikatan gona da na dabbobi, suna ɗaukar duba tsabta a kan shi ne ƙanƙane cikin ayyukan lafiya, in kuma aka turo ɗayansu ƙasa irin ta Alakos, inda gonar gero ke ƙarewa makiyaya ta fara, sai ya ga kamar hukunci aka yi masa, ya zauna yana ƙirga watannin da suka rage a mai da shi birni. Ni a ganina babu inda wannan aiki ya fi nauyi kamar nan. A Yamai akwai ɗakin bincike na ƙasa inda ake auna ruwa da abinci, akwai manya da za a kai wa ƙara, akwai 'yan sanda kusa; amma wanda ke tsaye a kasuwar Garazu da hantsi, ga nama a rataye, ga masu saye sun kewaye, ba shi da lokacin da zai aika da wani abu Damagaram, balle Yamai mai nisan kilomita wajen 900 daga can, ya jira amsa. Abin da yake da shi idonsa ne, da iliminsa, da kuma ko mutane sun yarda da maganarsa ko ba su yarda ba. Na ukun nan shi na fi so mu tattauna, domin makaranta ba ta ba da shi tare da takardar shaida.

Ku sani aikinku yana da asali mai daraja, ba Turawa suka fara kawo shi ba. Ya zo cikin Sahihu Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa an rufe shi da busasshe, ya kuwa yi masa faɗa a kan algus. Daga irin wannan ne malaman fiƙihu suka gina babin hisba, har Ibnul Ukhuwwa na Masar, wanda ya rasu a 1329, ya rubuta littafi guda yana bayyana wa muhtasibi yadda zai duba mahauta da masu gashi da masu sayar da ruwa, har da cewa mai kwaɓa burodi ya rufe bakinsa kada yawu ya faɗa cikin ƙullu. Saboda haka in wani ya ce muku aikin bature kuke yi, kuna da hujja. Sai dai ku tuna malaman nan sun shardanta wa muhtasibi ilimi da adalci da sauƙin hali, sun kuma jera masa matakai, ya fara da sanarwa, sa'an nan wa'azi, tsanantawa kuwa sai daga baya.

Wannan jeri shi ne abin da magabatanku na zamanin Turawa suka yawaita tsallakewa. A Kano an buɗe makarantar koyon tsabta tun 1932, kuma har yau tsofaffi a ƙasar Hausa suna ba da labarin duba-gari, yadda in an hango shi mata ke rugawa su zubar da ruwan randa, su ɓoye tukwane. An sami tsabtar titi, gaskiya ne, amma an kuma koya wa talaka ɓoyo. Hukumar Nijar ta ba ku iko, tun daga dokar tsabtar jama'a ta ran 2 ga Maris 1993 da dokokin da suka biyo bayanta, ku duba, ku kama, ku ci tara. To amma a ƙasa mai faɗi irin taku, wadda rugage da tungaye suka warwatsu cikinta, ranar da aka fara jin tsoronku fiye da yadda aka yarda da ku, ranar ce za a daina kawo dabba maras lafiya mayanka, a riƙa yanka ta bayan tudu, naman ya shigo kasuwa dafaffe cikin tukunyar mai tuwo, inda ba ku da sauran abin dubawa.

Bari in tsaya a kan ruwa, don nan ne na ga ana yawan samun saɓani tsakaninku da jama'a, saɓanin kuwa na fahimta ne. Duk wanda ya yi karatun Ahalari da Ishmawi da Risala ya san ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su canza ba mai tsarki ne, ana alwala da shi. Wannan hukunci daidai ne a babinsa, watau babin ibada. Amma talaka yakan ɗauke shi ya kai babin sha, ya ce ruwan da ya halatta a yi salla da shi yaya za a ce yana kisa? In kuka amsa masa da raini, kun rasa shi, kun kuma rasa limaminsa. Ku je wurin liman tukuna, ku zauna a ƙasa, ku bayyana masa cewa tsarki daban, lafiya daban, kuma shari'a da kanta ta wajabta kiyaye rai da gusar da cuta. Ku ba shi labarin Tibiri ta Maraɗi, inda daga wajen 1985 har zuwa wajen 2000 mutane suka sha ruwan famfo garau, ba wari ba launi, alhali sinadarin fulorayid da ke cikinsa ya ninka miligiram 1.5 a lita da Hukumar Lafiya ta Duniya ta iyakance, har ɗaruruwan yara suka tashi da haƙora jajaye da ƙafafu a tanƙware, nakasar da ba ta da magani. Shekara goma sha biyar ana sha! Duk lokacin da na tuna yaran nan sai zuciyata ta yi nauyi, domin awo ɗaya da aka yi a kan kari, aka kuma saurari wanda ya yi shi, da ya isa. Don haka duk sabuwar rijiyar burtsatse da aka haƙa a ƙasarku, ku nemi takardar awon ruwanta kafin a yi bikin buɗewa, in an ce babu ku rubuta ku sa hannu ku aika Gure, ku ajiye kwafi. Limamin da ya gane wannan, huɗubarsa ɗaya ta Juma'a ta fi muku yawon wata guda.

Rijiyoyin makiyaya kuwa kun fi ni sanin halinsu: igiya tana jan ƙasa cikin kashin dabbobi ta koma ciki da guga, kwamin shayarwa manne da bakin rijiya, taɓo ya kewaye. Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa, a ɗaga baki, a ja kwami nesa, a rataye guga, a nisanta salga da rijiya kamar mita 30. In za ku koya wa mata sa ƙwayar Aquatabs ko jabel, ku nanata musu a tace ruwa mai gurɓata tukuna, a kuma jira minti 30 kafin a sha. Kada wani ya ce muku mutanenmu ba sa canza ɗabi'a. Jihar Damagaram tana cikin inda kurkunu ya fi addaba a da, yana kwantar da manoma a tsakiyar damina, amma da ƙyallen tace ruwa da haƙurin masu yawo ƙauye ƙauye aka kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi. Kwalara dai tana nan. A 2021 ta kama fiye da mutum 5,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 150, Maraɗi da Damagaram suna cikin inda ta fi tsanani.

Ku kuma masu duba nama, ku riga mahauci isa mayanka, domin dabba tana faɗin abubuwa da ranta waɗanda ba ta faɗi bayan an feɗe ta. Bayan yanka ku tsaga tsokar muƙamuƙi da harshe da zuciya ku nemi ƙwayoyin nan farare masu zama tsila a cikin mutum, ku shafa huhu, ku yanka kaluluwa ku ga ko akwai ƙullutun tarin fuka, ku bi hanyoyin hanta. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini maras daskarewa yana fita ta hanci da dubura, kada a sa mata wuƙa ko kaɗan, ko don fata, gama ciwon saifa ne ake tsoro, ƙwayarsa kuwa tana zama cikin ƙasa shekaru masu yawa tana jiran wani garke. A ƙone ta ko a binne ta da zurfi. Ku tambayi mai dabba yaushe ya yi mata allura, saboda magungunan da ake saye a kasuwa a tsira wa saniya yau a yanka ta jibi suna nan cikin nama da nono.

Sa'an nan ku yi adalci cikin abin da kuke kamawa. Yawancin mahautan karkara bashi suke ɗaukar dabba daga hannun dillali, su biya in kasuwa ta watse, saboda haka sa guda da kuka hana shi ne jarin mutum duka da mutuncinsa a wurin masu binsa. In cutar a hanta kaɗai take, hanta kaɗai za ku cire. In kuwa ba makawa sai an hana duka, ku kira sarkin fawa da shaidu biyu, ku nuna musu abin da kuka gani da idonsu, a lalata naman a gabansu, kada ko tsoka ɗaya ta bi ku gida. Ina ba ku shawara ku zuga sarkin fawa ya kafa asusu, kowane mahauci ya riƙa zuba 'yan daloli a kan kowace dabba, domin ranar da hasara ta faɗa wa ɗaya a rage masa. Mahaucin da ya san ba zai tsiyace ba shi da kansa zai kira ku. Game da 'yar tsokar da ake miƙo muku da sunan alheri, na san albashi kaɗan ne, na san man babur daga aljihunku yake fita, amma wanda ya karɓi tsoka ran kasuwar nan ba zai iya buɗe baki ran kasuwa mai zuwa ba, kuma kowa a rumfa ya gani. Haka kuma in aka ga kun zubar da furar wata gwauruwa kun wuce shagon mai kuɗi da ke cike da gwangwanayen da kwanansu ya ƙare, to duk wa'azinku ya zama banza. Tara kuwa kada ku karɓe ta sai da rasit.

Mata masu nono da kindirmo da cuku, da masu abincin sayarwa, su ne suka fi kowa ciyar da kasuwa, su ne kuma aka fi yi wa tsawa. Ku kira su inna da yaya, ku yi musu magana a gefe. Abin da kuke nema gare su kaɗan ne, a tafasa madara saboda bakkale da tarin fuka, a rufe ƙwarya, a wanke ludayi da ruwa mai kyau, kada a sayar da kwantai. In akwai mace a cikinku ita ta fi cancanta da wannan, don tana shiga inda namiji ba ya shiga, shi ya sa nake roƙon iyaye su bar 'ya'yansu mata su karanci wannan fanni. Ku sa ido ƙwarai a kan maganin ƙwari, da wanda ake barbaɗa wa wake a rumbu, da galan ɗinsa da ake wankewa a zuba mai ko ruwan sha. Tun wajen 2007 masu binciken aikin gona na INRAN a Maraɗi, tare da jami'ar Purdue ta Amurka, suka yaɗa buhun PICS mai riɓi uku wanda ke kashe ƙwarin wake ba tare da guba ba; wanda za ku hana wa magani, ku nuna masa buhun.

Ku riƙe littafi. Kowace ranar kasuwa ku rubuta dabba nawa aka yanka, me kuka samu, wace rijiya kuka duba, wane ƙauye aka ce yara suna zawo. Ku malaman tsabta kuna ƙarƙashin ma'aikatar lafiya, ku malaman dabbobi kuna ƙarƙashin ta kiwo, amma cuta ba ta san wannan rabo ba. Zazzaɓin da ya ɓarke a Cintabaraden da Tasara cikin jihar Tawa a 2016 daga dabbobi ya tsallako kan makiyaya, kuma ɓarin da awaki da raƙuma ke yi shi ne alamarsa ta farko. Don haka ku riƙa zama tare da malamin likita ko sau ɗaya a wata, kowa ya buɗe littafinsa. Wanda yake so ya ci gaba da karatu, ko a Yamai ko a makarantar likitocin dabbobi ta Dakar, ina yi masa fatan alheri, littafin nan kuwa zai tarar ya fi masa amfani fiye da yadda yake zato. Abin da nake roƙo kawai, in an ɗauke ɗayanku daga Alakos, kada ya tafi sai ya damƙa littafin a hannun magajinsa, ya kuma kai shi da ƙafarsa ya gabatar da shi ga mai gari da liman da sarkin fawa.

Ku gai da iyalanku. Haza wassalam.