Tseren keke na Ruwanda: gida ya yi suna, ƴan gida sun daina ci

Masu karatu, a wannan mako filinmu zai bar ƙwallo da kokowa ya leƙa ƙasar Ruwanda, wadda ake yi wa kirari da ƙasar tuddai dubu, inda kowace shekara ake shirya tseren keke na zagayen ƙasa, wanda masu jin faransanci suka sani da Tour du Rwanda. An soma shi a 1988 a matsayin wasan ƴan gida. A 2009 ya shiga jerin tseren da hukumar keke ta duniya, UCI, ta yarda da su, a 2019 kuma aka ƙara masa daraja har manyan ƙungiyoyin Turai suka fara zuwa. A wurin wannan ƙarin daraja maganarmu take, amma sai mun fara da yadda wasan yake.

Ba tseren yini guda ba ne. Kwana takwas ake yi, kowace rana da zangonta, daga wannan gari zuwa wancan: Kigali, Huye, Rubavu, Musanze. Kowa ana rubuta masa lokacin da ya ɗauka, a tara na yau bisa na jiya kamar yadda mai shago yake tara lissafin bashi, kuma wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ke sa riga mai ruwan ɗorawa. Saboda haka mutum yana iya cin tseren gaba ɗaya ba tare da ya taɓa shigowa na fari ko rana ɗaya ba, wani kuma ya ci zango uku, rana ta huɗu ƙafarsa ta mutu bisa dutse, ya zubar da minti ashirin.

A shimfiɗaɗɗiyar hanya, irin tamu ta Maraɗi zuwa Damagaram, abokin gabar mai keke iska ce. Wanda ya laɓe bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahala, shi ya sa suke tafiya cunkus kamar garken tumaki, ƙarfafa da raunana duka tare. Dutse ne ke rushe wannan rufin asiri. Da hanya ta miƙe sama gudu ya ragu, laɓewa ta daina amfani sosai, sai kowa ya ɗauki nauyin jikinsa da na kekensa shi kaɗai. Nan ne ɗan siririn yaro mai kilo 58 yake barin ƙato mai kilo 80 yana haki. Nauyi yana da muhimmanci har hukumar duniya ta kafa doka cewa keken tsere ba zai gaza kilo 6,8 ba, don kada masu ƙira su yi ta rage ƙarfe har keke ya karye da mutum a gangara, inda gudu yake wuce kilomita 80 a sa'a. A Ruwanda kuwa da wuya a sami wurin hutawa: ko ana hawa, ko ana sauka. Kigali kanta tana sama da teku da mita 1.500 da wani abu, kuma cikin birnin akwai wani hawa da aka shimfiɗe da duwatsu, ana ce masa Bangon Kigali, gajere ne amma a tsaye yake, jama'a na cika shi har bisa rufin gidaje.

To, su wa ke ci? Shekaru biyar na fari baƙi ne: Adil Jelloul na Maroko a 2009, Daniel Teklehaimanot na Eritiriya a 2010, sannan Ba'amurke ɗaya da ƴan Afirka ta Kudu biyu. A 2014 Valens Ndayisenga ya karɓo wa gida rigar, kuma shekara biyar a jere ba ta fita ba: Jean Bosco Nsengimana a 2015, Ndayisenga ya maimaita a 2016, Joseph Areruya a 2017, Samuel Mugisha a 2018. Wannan ba daga sama ya faɗo ba. Tun 2007 wasu Amurkawa, Tom Ritchey da Jonathan Boyer, suka kafa ƙungiyar ƙasa, daga baya aka buɗe gidan horo a Musanze, gindin duwatsu masu aman wuta. Da yawa cikin yaran da suka ɗauka ƴan kabu-kabun keke ne, masu hawa tudu da fasinja ko buhun dankali a baya; wanda ya saba da haka, in aka ba shi keken da ake ɗagawa da yatsa biyu, ai sai ya ga kamar an kwance masa dabaibayi. Daga cikin na farko akwai Adrien Niyonshuti, wanda aka kashe masa ƴan uwa maza shida a kisan kiyashin 1994, shi ne kuma ya riƙe tutar ƙasarsa a wasannin Olamfik na Landan a 2012.

Daga ranar da aka ƙara wa tseren daraja, labari ya sha bamban. Daga 2019 zuwa 2025 babu ɗan Ruwanda ko ɗaya da ya ci. Merhawi Kudus a 2019, Natnael Tesfatsion a 2020 da 2022, Henok Mulubrhan a 2023, dukansu ƴan Eritiriya. Sai Cristián Rodríguez na Espanya a 2021, Joseph Blackmore na Ingila a 2024, Fabien Doubey na Faransa a 2025. Wanda ya fi matsowa kusa cikin ƴan gida shi ne Moïse Mugisha, da ya zo na biyu a 2020.

Wasu na cewa kuskure aka yi, da an bar tseren a ƙaramin matsayi yara su ci gaba da cin abinsu. Ni ban yarda ba. Cin da aka yi don an rufe wa gwanaye ƙofa ba ya kai mutum ko'ina, kuma ƴan Eritiriya sun nuna cewa ɗan Afirka yana kayar da Bature bisa wannan hanya. Sai dai a tambaya me suke da shi. Keke ya shiga jininsu tun zamanin mulkin Italiya, birninsu Asmara yana sama da mita 2.300, suna tsere tsakaninsu a kai a kai, kuma gwanayensu suna samun tafiya Turai tun suna matasa. Daga can Teklehaimanot ya fito ya sa rigar gwanin dutse kwana huɗu a tseren Faransa na 2015. Daga can Biniam Girmay ya fito ya ci zango uku da koriyar riga a na 2024. Ɗan tseren Turai yana yin kwana sittin ko saba'in na gasa a shekara. Ɗan Ruwanda da bai sami ƙungiya a waje ba yana jiran watan Fabrairu, ya tarar da mutanen da suka yi shekara suna gwabzawa. Horo shi kaɗai ba ya koya wa mutum lokacin da zai ɓoye ƙarfinsa da lokacin da zai fito da shi.

Kuma wuraren gwajin a nahiyarmu raguwa suke yi. Tseren Gabon, La Tropicale Amissa Bongo, da aka soma a 2006, rabonsa da gudana tun farkon 2023, kafin juyin mulkin da ya kawar da Ali Bongo. Na maƙwabtanmu, Tour du Faso, wanda ya samo asali a 1987, shimfiɗa ce da zafi da iska, ba ya renon mai hawan dutse. Ga tsadar kaya: keken manyan ƙungiyoyi yana wuce yuro 10.000, wato sama da sefa miliyon 6 da rabi, ban da tayoyi da makanike da motar da ke bin baya. Ɗan kasuwa ya san abin da wannan jari yake nufi. Albashi kuma babu tabbas. A 2022 Samuel Mugisha, zakaran 2018, ya sauka Amurka don wani tsere ya ɓace wa ƙungiyarsa.

Gwamnatin Kigali ta fi zuba kuɗi wajen tarbar baƙi, domin da wasanni take tallar ƙasar, kuma siyasa ba ta bar abin ba. A watan Janairun 2025 ƴan tawayen M23, waɗanda masanan Majalisar Ɗinkin Duniya suka ce Ruwanda na mara wa baya, suka kama birnin Goma na Kwango, wanda iyaka kawai ta raba shi da Rubavu inda tseren ke yada zango. Ƙungiyar matasa ta Soudal Quick-Step ta Beljik ta janye, majalisar Tarayyar Turai ta nemi a soke gasar duniya da aka ba Kigali, shugaban UCI David Lappartient ya ce ba shi da wani wuri na biyu. Aka yi tseren, aka kuma yi gasar duniya a watan Satumba, karo na fari a ƙasar Afirka.

Ranar 28 ga Satumba 2025 aka yi babban tseren maza: kilomita 267,5, wato ya ɗara nisan Maraɗi zuwa Damagaram, da hawa wanda in aka tara shi ya wuce mita 5.400, fiye da ninki biyu da rabi na ƙololuwar Bagzan ta Ayar, mai mita 2.022. Tadej Pogačar na Sulobeniya ya ci, Remco Evenepoel na Beljik yana biye. Cikin mutum sama da 160 da suka tashi, 30 kaɗai suka kai ƙarshe, kuma ɗan Afirka ɗaya ne a cikinsu, Amanuel Ghebreigzabhier na Eritiriya, wanda ya shigo na talatin. Ƴan Ruwanda duk sun sauka kafin ƙarshe, gaban dubban ƴan uwansu da suka cika Bangon Kigali tun da safe.