Dorina Ba Amsa Ba Ce

Wata magana ce ta taso mana a zango watan nan. An koya wa yaro a boko cewa duniya ta faro shekara wajen biliyan 13.8 da suka wuce, sai ya tambayi malaminsa na allo: to, Allah fa, wa ya yi Shi? Dorina ya sha.

Ba mu goyi bayan haka ba. Magabata ba su guje wa wannan muhawara ba. Ibn Sina ya ce duniya ba ta da farko, Imam Gazali (ya rasu 1111) ya rubuta littafi ya musanta, Ibn Rushdi ya mayar masa da martani. Kakanninmu sun karanta Ummul Barahin na Sanusi: duk fararren abu yana bukatar wanda ya samar da shi, Allah kuwa ba fararre ba ne, siffarSa ƙidamu. Abin mamaki, karatun bokon nan ya fi kusa da Gazali, tunda shi ma ya ce akwai farko.

Yaron ya daina zuwa allo. Ranar Juma'a za mu zauna da mahaifinsa da malam.