Mamaci ba ya kaɗa ƙuri'a, amma rajista na ƙirga shi

Masu rubuta manhajar kwamfuta suna da wata tsohuwar matsala. Akwai jerin sunaye na asali, sannan akwai jeri na biyu da ake ɗorawa a kansa domin ya tace ko ya jeranta abin da za a nuna a allo. Ƙara suna ba ya ba da wahala, cirewa ce ke tona asiri. Idan aka share suna daga jerin sama aka bar shi a na asali, gobe zai dawo. Idan aka share shi daga na asali ba a sanar da na sama ba, allo zai ci gaba da nuna abin da babu shi. Idan kuwa aka share da lambar layi, na bakwai a tataccen jeri ba shi ne na bakwai a asali ba, sai a cire wanda bai ji ba bai gani ba. Shi ya sa a harshen Java, in aka taɓa jeri ta bayan fage ana cikin karanta shi, manhajar takan tsaya cik ta yi ƙorafi. Masu harshen sun ga gara a tsaya da a ci gaba a kan ƙarya.

Rajistar masu zaɓe ta Nijeriya ba ta da wannan kunyar. Tushenta rajistar 2011 ce, kuma tun daga lokacin ɗorawa ake yi: mutum 84,004,084 a 2019, sannan 93,469,008 a 2023. Hukumar zaɓe ta INEC ta yi ƙoƙari wajen sababbin shiga, domin a 2022 ta soke rajista 2,780,756 da ba su inganta ba. Amma da aka baje rajistar don jama'a su yi ƙorafi, sunaye 53,264 kacal aka cire. A ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, wa zai yarda cewa waɗannan ne kaɗai ba su cancanci zama a ciki ba? Rajistar mace-mace tana hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, lambar NIN tana hannun NIMC, rajistar zaɓe tana hannun INEC. Jeri uku ne a kan mutum ɗaya, kuma mutuwarsa a ɗaya ba ta isa ga sauran da kanta.

A duba Bukkuyum. A watan Janairun 2022 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnatin Zamfara ta ce mutum 58 aka kashe, mazauna suka ce kusan 200. Inda aka kasa daidaita adadin gawawwaki, wa zai bi sunayensu ya cire daga rajista? An yi musu sutura, an yi addu'ar uku, amma a takarda suna nan a rumfunansu.

Za a ce ai na'urar BVAS ta rufe wannan ƙofa, tunda mamaci ba shi da fuska ko yatsan da za a tantance. Gaskiya ne ba zai kaɗa ƙuri'a ba, sai dai ana ƙirga shi. Ƙa'idar INEC ita ce, idan tazarar da ke tsakanin manyan 'yan takara biyu ba ta wuce yawan katunan da aka karɓa a rumfunan da aka soke ba, zaɓe bai kammala ba. Katin wanda ya karɓa kafin ya rasu yana cikin wannan lissafin. Kanawa ba su manta 2019 ba, lokacin da tazarar ƙuri'u 26,655 ta kasa hana zagaye na biyu. Zamfarawa ma sun ga yadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ba da umarnin sake zaɓen gwamna a Maradun da wasu rumfunan Birnin Magaji da Bukkuyum a Nuwamban 2023, kafin Kotun Ƙoli ta tabbatar da Dauda Lawal a Janairun 2024. Inda rumfuna ƙalilan ke iya girgiza kujerar gwamna, kowane suna yana da nauyi.

Wannan ba kira ba ne a ɗauki tsintsiya a yi ta shara. Wanda ya gudu daga ƙauyensa ya fake a Gummi ko Gusau bai mutu ba, kuma masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya sun cika kowace gunduma. Cirewa da suna ko da rashin ganin mutum zalunci ne na biyu a kan wanda aka riga aka raba da gonarsa.

Maganin shi ne wanda masu manhaja suka daɗe da ganowa. A samu tushe guda, wato rajistar mace-mace, a kai ta har wurin dagatai da limaman da ke sallar jana'iza. A cire mutum da lambarsa ta NIN, wadda ba ya tarayya da kowa a cikinta. Kowace cirewa ta isa ga INEC da sauran hukumomi kai tsaye, ta kuma bar shaidar wanda ya yi ta da ranar da dalilin, domin mai rai ya iya ƙalubalanta. Wannan aikin Majalisar Tarayya ne, kuma ɗan majalisar Gummi da Bukkuyum ya fi kowa hujjar gabatar da shi, tunda mazaɓarsa ce ke binne mutanen da rajista ta ƙi sallama.