FILIN 'YAN MATA: Alƙawarin Modem, Alƙawarin Saurayi

Yau labarin wata 'yar aba mai kamar ɗan yatsa zan ba ku, wadda ta kusa ja wa ƙanwata asarar shekara guda.

A 2012 ne, muna gida Tudun Wadar Ɗankadai, ta tashi cike fom ɗin makarantar gaba da sakandare. Yayanmu ya sayo mana modem daga Kano, irin wanda ake sa wa layi a soka shi a jikin kwamfuta. A kwalin an rubuta 7.2 Mbps, mai shago kuma ya rantse masa wai gudunsa sai ka ce walƙiya. Mu kuwa muka saki jiki, muka bar fom sai ranar rufewa.

Wayyo ni! Hoton fasfo ɗaya tak, tun La'asar yake juyi har aka idar da Isha'i. Yarinya ta haɗa kai da gwiwa tana kuka. Sai da muka samo doguwar waya muka rataye modem ɗin a taga, wajen ƙarfe 11 da gari ya yi tsit, sannan hoton ya tafi.

Daga baya na gane dalili. Lambar nan iyakar ƙarfin modem ce, ba ita za ki samu ba. Kuma megabit ce, sai guda 8 suke yin megabayit ɗaya. An ba kamfanonin waya lasisin 3G a 2007, amma da manyan birane suka fara. Inda 3G bai kai ba, modem kan koma kan EDGE, wanda ko kashi ɗaya cikin 10 na waccan lambar bai kai ba. A yawancin na Huawei fitila ke faɗa miki gaskiya: shuɗi 3G, kore 2G. Tamu kuwa kore shar!

Yanzu wayar hannu ta ture modem, manyan kamfanoni sun kawo 4G a 2016, MTN ta buɗe 5G a 2022. Amma dokar tana nan: nisanki da ƙarfen sabis, kaurin bango, da yawan masu ja a lokaci ɗaya. Ki duba wayarki in mota ta shiga dajin Falgore, za ki gaskata ni.

To ƙanwata, kada ki bar fom sai ranar ƙarshe. Kafin ki sayi layi, ki gwada shi a tsakar gidanku, ba a shago ba. Saurayin da ya ce "zo ɗakina, sabis ya fi ƙarfi", ki ce masa Allah amfana. Shi ma kamar modem ne: ba a auna shi da rubutun kwali, sai da abin da ya cika.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum, Antinku.