FILIN UWARGIDA: In Intanet Ta Yanke, Kada Magana Ta Yanke



Ranar 14 ga Maris, 2024, ana cikin azumi, na zauna zan tura babin ƙarshe na littafina Kano, sai intanet ta ɗauke ɗif. Wallahi na zaci yaron da yake raba mana ita daga ɗan shagonsa a nan Gaya ne ya cuce ni. Kafin la'asar sai ga saƙonsa: "Anti ki yi haƙuri, wayoyin ƙarƙashin teku ne suka tsinke wajen Kwaddibuwa, abin har Ghana ya shafa. Kwanakin da kika rasa zan cika miki." Ya kuwa cika.

Ita ko ƙawata ta Ajingi, nata mai shagon kashe wayarsa ya yi kwana uku cur. Har yau ba ta sake taka shagonsa ba.

To magidanta, kun ji fa. Ranar da aljihu ya bushe, kar ka sulale da asuba ka bar baiwar Allah da tukunya. Zaunar da ita ka faɗa mata gaskiya. Mace tana jure babu, amma shiru yana cin ranta.

Sai fitowa ta gaba, in da rai da lafiya.