Sunayen da ke jikin bangon cocin ƙauye a Ingila

1/ Kusan kowace cocin ƙauye a Ingila tana da allon dutse ko na tagulla a bango, ko gicciye a haraba, ɗauke da sunayen samarin garin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wasu na cewa tallar yaƙi ce kawai. Ni dai ban yarda ba. 🧵

2/ Abin da ya kamata ku fara sani: Birtaniya ta hana dawo da gawar soja gida. Inda ka faɗi nan za a binne ka, Faransa ce ko Beljiyam. Uwa ba ta ga gawa ba, ba ta da kabarin da za ta je ta tsaya. Takarda kawai aka kawo mata.

3/ Wasu ma ko kabarin babu. Ranar 1 ga Yuli 1916 kaɗai, a fagen Somme, sojan Birtaniya 19,240 suka mutu. A Thiepval akwai sunaye sama da 72,000 na waɗanda ba a san inda gawarsu take ba.

4/ Shi ya sa mutanen ƙauye suka kafa kwamiti, aka yi karo-karo, aka sassaƙa sunaye a wurin da kowa ke zuwa ranar Lahadi. Allon nan shi ne kabarin.

5/ Ku duba sunayen dangi. Suna ɗaya sau biyu, sau uku. Wa da ƙane, 'yan'uwan juna. Bayan 1945 aka dawo aka ƙara wasu a ƙasa, sau da yawa daga gidajen nan dai. Wallahi wannan ba ya sa mutum sha'awar yaƙi.

6/ Ƙauyukan da duk samarinsu suka dawo, waɗanda marubuci Arthur Mee ya kira ƙauyuka masu godiya, ba su kai 60 ba a Ingila da Wales gaba ɗaya.

7/ Eh, akwai kalaman Allah da sarki da ƙasa a saman allunan, kuma limaman coci da dama sun zuga samari su tafi. Ba na wanke su.

8/ Damuwata yanzu: masu zuwa coci sun ragu, ana rufe wasu, ana sayarwa a mayar da su gidaje. To allon fa? A ganina na ƙauye ne, tunda kuɗin ƙauye ya yi shi. A kai shi zauren taron gari ko makaranta, kar ya ƙare a sito.

9/ Don sojojin Najeriya ma sun yi wa Birtaniya wannan yaƙin, a Kamaru da Gabashin Afirka. A 2021 hukumar kula da kaburburan yaƙi ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, galibi 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu ba, wasu ko alama ba a yi musu ba.