Daga Santambul Zuwa Gumel: Hanyar da Raƙuma Suka Riga Jirgi



Duk mai leƙa waya a cikinku ya san yayin da ake ciki. Da an watse daga biki, sai ka ga ango da amarya sun ɗora hoto daga Istanbul ta ƙasar Turkiyya, bayansu ga wani ƙaton masallaci mai hasumiya shida, tantabaru na ta shawagi. Mu kuma a nan Maigatari da Gumel mu ce Allah ya kai mu. To, amin. Sai dai in ka tambayi da yawa daga masu zuwan me suka gano, labarin ba ya wuce sanyi da sayayya. A ganinmu wannan asarar kuɗin jirgi ce, domin kusan kowane gini a garin nan darasi ne.

Masallacin nan na cikin hoton, Sarki Ahmad na Ɗaya ne ya fara gina shi a 1609. Ginin da ke fuskantarsa kuwa, wato Aya Sofiya, ya girme shi da shekara fiye da dubu. An gama shi a 537 a matsayin coci, zamanin Sarkin Rumawa Jastiniyan. A 1453 Sarki Muhammad Alfatih ya ci garin da yaƙi yana ɗan shekara 21 (tsaran wasunmu da ke jami'a yanzu ke nan!), ya mayar da ginin masallaci. A 1934 gwamnatin Mustafa Kamal Ataturk ta mayar da shi gidan tarihi, sai a 2020 aka dawo da salla a ciki. Shi kansa garin rabinsa na Turai, rabinsa na Asiya, mashigin ruwan Bosforus ya raba su.

Kada ku ɗauka labarin wasu ne can nesa. Tun kafin a ƙera jirgin sama kakanninmu sun san wannan gari, Santambul suke ce masa. A shekarun 1570 Sarkin Borno, Mai Idris Aloma, ya aika jakadu wurin Sarki Murad na Uku na Daular Usmaniyya. Ku duba wahalar: a keta Sahara bisa raƙuma har Tarabulus ta Libiya, wadda a lokacin take hannun Turkawa, sannan a hau jirgin ruwa. Limamin Mai Idris, Ahmad bin Fartuwa, ya rubuta cewa akwai Turkawa masu harbin bindiga a rundunar sarkin. Fadar Topkafi, inda sarakunan Usmaniyya ke zaune a wancan zamani, tana nan har gobe, ma'aurata na shiga suna ɗaukar hoto ba tare da sanin cewa saƙon Borno ya taɓa isa ga mai gidan ba.

Ina ruwan Gumel da Borno? Wajen 1750 aka kafa masarautarmu ta Mangawa, ba da daɗewa ba kuma ta zama mai biyayya ga Borno. Shi ya sa da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zo, Kano da Haɗeja suka shiga Daular Sakkwato, Gumel ba ta shiga ba. Tsohuwar hedikwatar ma, Tumbi, yanzu tana cikin Nijar. A 1845 aka dawo Gumel. Sai 1903 Turawan Ingila suka karɓi ƙasar.

Yanzu ku faɗa mana gaskiya: mutum nawa a ajinku ya san wannan? Muna wucewa ta ƙofar fadar Sarkin Gumel kullum, kan keke ko acaɓa, ba mu taɓa tsayawa mun yi tambaya ba. Babbar kasuwar Istanbul mai rufi, wadda masu yawon buɗe ido ke cika, asalinta kasuwa ce kawai irin ta fatake. Mu ma ga tamu ta Maigatari duk ranar Alhamis: raƙuma, shanu, dawakai da tumaki daga Nijar, ga manyan motoci na jiran lodi zuwa Kudu. Baƙon da bai taɓa ganin raƙumi ɗari a wuri ɗaya ba zai biya kuɗi ya kalla. Abin da Turkawa suka fi mu shi ne sun rubuta nasu, sun kafa allo a ƙofar kowane gini da shekararsa. Namu yawanci yana kan tsofaffi, duk wanda ya rasu kuma ya tafi da nasa.

Saboda haka ga aikin hutu, ba sai da fasfo ba. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku ɗauki littafi da biro, ku je wurin mai unguwa ko dagaci ko kakarku. Ku tambaya: wa ya kafa garin nan? Daga ina ya zo? Me sunan garin ke nufi? Ina tsohuwar rijiya, ina aka fara yin masallacin Juma'a? 'Yan Gagarawa da Sule Tankarkar, har da ku muke. Ku rubuta sunan wanda ya ba ku labarin da ranar da ya bayar, ku kai wa malamin tarihi ya duba, sannan ku aiko mana. Waɗanda suka fi tsari za mu buga su a wannan shafi idan an koma makaranta, in sha Allahu.